Daga Madabo Zuwa Ƙurɗuba: Garuruwan Sifaniya da Muka Sani Tun Ba Mu Gan Su Ba

Duk sa'ad da aka ambaci Sifaniya a majalisar da muke zama bayan la'asar a Madabo, birane biyu ne ke fitowa daga bakin samari: Madrid da Barsalona. Gidajen kallon ƙwallo sun yi aikinsu. Akwai yaron da zai jero maka 'yan wasan Real Madrid har da na benci, amma ka tambaye shi inda aka haifi mai Ishiriniyar da kakansa ke rerawa a watan Mauludi, sai ya yi tsit. A Ƙurɗuba aka haifi Alfazazi, wanda ya rasu a 1230, kuma jirgin ƙasa mai gudu yana kai mutum Ƙurɗuba daga Madrid cikin ƙasa da awa 2.

'Yan uwa da abokan aiki da Allah ya hore wa halin fita hutu kan tambaye ni ina ya kamata su nufa idan sun samu bizar Turai. Amsata ɗaya ce kullum: kudancin Sifaniya, yankin da har gobe sunansa Andalusiya, a raba kwanakin tsakanin tsoffin biranen cikin tudu da gaɓar teku. Ba don kyan wurin kaɗai ba, kyau kam akwai shi a Italiya da Girka da Fotugal. Dalilina shi ne babu wani yanki na Turai da ɗan Kano zai shiga ya tarar sunayen garuruwansa suna cikin gafakar malaminsa tun kafin a haife shi.

A duba a gani. Madabo ta yi suna da karatun fiƙihu tun zamanin Wangarawa, waɗanda Tarihin Kano ya sa zuwansu a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, kuma har yau akwai Babban Malami na Madabo. Gaskiya ne Risala daga Ƙairawan ta zo, Muhtasar kuma daga Masar. Amma Muwaɗɗar da muke karantawa ruwayar Yahaya Allaisi ce, wanda ya rasu a Ƙurɗuba a 848. Ashafar da ake buɗewa da azumi ta Alƙali Iyal ce, haifaffen Sabta, wanda ya yi alƙalanci a Garnaɗa. Alfiyyar da ke sa almajiri kwana haddar nahawu ta Ibnu Malik ce, mutumin Jayyan, garin da Sifaniyawa ke kira Hayen, wanda yau zaitun ya kewaye shi ta ko'ina. Tuhfar da alƙalanmu suka daɗe suna dogaro da ita ta Ibnu Asim ce, alƙalin Garnaɗa, wanda ya rasu a 1426. Shaɗibi na ƙira'a ɗan Shaɗiba ne, kusa da Balensiya. Tafsirin Ƙurɗubi kuwa sunansa ma ya isa shaida. Ita kanta Muhtasar, wadda Madabo ke alfahari da ita, ɗaya daga manyan sharhohinta na Almawwaƙ ne, malamin Garnaɗa da ya rasu a 1492, shekarar da birninsa ya fita daga hannun Musulmi. A daidai wannan tsakanin Shehu Maghili ya sauka Kano wajen Sarki Muhammadu Rumfa. Ana rufe wani zaure a can, ana share wani a nan.

Saboda haka na fi son a fara da Ƙurɗuba, wadda ke rubuce a taswira da sunan Kordoba. Masu shirya yawon buɗe ido sukan ba ta rabin yini, a sauke mutum da hantsi a kwashe shi da la'asar. Zalunci ne. Gari ne da ke bukatar kwana biyu aƙalla, kuma a kwana cikin tsohon garin, inda lunguna suke da ƙunci suna murɗewa har mutum ya ɓace. Ɗan cikin birnin Kano ba zai ji baƙunta ba. Gida ba ya nuna wa titi komai sai farin bango da ƙofa. Daga ƙofar sai wani ɗan ɗaki na shiga da suke kira zaguwan, mai yin aikin da zaure ke yi mana. Daga nan sai tsakar gida, da rijiya ko famfo, da tukwanen furanni rataye a bango. A watan Mayu masu gidajen kan buɗe tsakar gidajensu ga jama'a a yi gasa, al'adar da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2012. Na tsaya a irin wannan gida ina tunanin tsakar gidajen cikin birni nawa aka rufe da kwano aka yanka ɗakunan haya, mutane suna gasuwa a cikin abin da kakanninsu suka gina don shan iska.

Babban masallacin shi ne cibiyar garin. Abdurrahman na Ɗaya ya fara shi wajen 785, magadansa suka yi ta faɗaɗa shi har kusan ƙarshen ƙarni na 10. Ana shiga ta farfajiyar itatuwan lemo, sai mutum ya faɗa cikin duhu mai sanyi da ginshiƙai sama da 850, kowane biyu an haɗa su da baka a kan baka, ja da fari, har iyakar ganinka. Hoto ba ya kama abin. A gaban mihirabin da Alhakam na Biyu ya gina bayan 961 akwai ƙubba wadda haƙarƙarinta suka sarƙe da juna. Wanda ya taɓa ɗaga kai a tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, zai ji kamar magina biyu ne da ba su taɓa haɗuwa ba suka amsa tambaya guda.

Sai dai a shirya zuciya. Tun 1236, lokacin da Sarki Fernando na Uku ya ci garin, ginin majami'a ne, kuma daga 1523 aka fasa tsakiyarsa aka tada babbar coci a ciki. Ba a barin Musulmi ya yi salla a wurin, masu gadi suna sa ido. Na ga baƙi daga ƙasashen Musulmi suna share hawaye a gindin mihirabi, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da tafiyar baki ɗaya zaman makoki, a dawo gida da labari guda: an ƙwace mana. Wanda ya tsaya a nan bai karanta tarihin har ƙarshe ba.

Ƙarshen yana kilomita 8 yamma da garin, a kufan Madinatuz Zahra. Abdurrahman na Uku, wanda ya naɗa kansa halifa a 929, shi ya gina wannan birnin sarauta a gindin dutse, da marmara da lambuna da zaurukan karɓar jakadu. Bai cika shekara 80 a tsaye ba. Ba Kiristoci suka rushe shi ba: a fitinar da ta ɓarke tsakanin Musulmin Andalus daga 1009 aka washe shi aka ƙone, daga baya kuma makwabta suka yi ta kwasar duwatsunsa suna gina nasu gidajen. Halifancin ya wargaje a 1031, ƙasar ta tsage zuwa ƙananan masarautu masu biyan sarakunan Kirista haraji domin su yaƙi juna. A Ishbiliya aka ƙone littattafan Ibnu Hazm. A Ƙurɗuba aka ƙone Ihya'u ta Gazali a zamanin Murabiɗai. Ibnu Rushd, wanda yau mutum-mutuminsa ke zaune a gindin ganuwar garin, sarkinsa Musulmi ne ya kore shi zuwa Lusena wajen 1195. Ban faɗi wannan don rage nauyin abin da ya biyo bayan 1492 ba, za mu zo kansa. Na faɗe shi ne domin a kufan Zahra na tuna badala.

Ganuwar Kano an fara ta ne a zamanin Sarki Gijimasu, a farkon ƙarni na 12, wato ta girmi fadar Alhambra. Tun 2007 take cikin jerin jiran UNESCO, ba ta wuce nan ba. Duk wanda ya bi ta daga Ƙofar Na'isa zuwa Ƙofar Famfo, ko ta wajen Ƙofar Ruwa, ya san abin da ya rage: nan an yanka fili, can an ɗebi ƙasa, can kuma shago ya jingina da ita. Babu rundunar baƙi da ta yi mana wannan a zamaninmu. Za a ce ginin ƙasa ne, damina ke cinye shi, su kuwa nasu na dutse ne. Rabin gaskiya ke nan. Ganuwar Alhambra mafi yawanta ƙasa ce da aka kirɓa da farar ƙasa da tsakuwa, kuma sunan ma daga Larabcin "ja" ya fito. Tsohon garin Agadas, ginin ƙasa zalla, ya shiga jerin UNESCO a 2013. Bambancin yana wajen yaɓe da tsaro da hukumar da ba ta sayar da abin da aka ba ta amana. Su ma Sifaniyawa sun daɗe suna sakaci: sojojin Napoliyon sun fasa wasu hasumiyoyin Alhambra a 1812, kuma akwai lokacin da marasa galihu ke kwana a ɗakunan sarakunan. Daga baya suka farga. A 2024 ƙasar ta karɓi baƙi kusan miliyan 94, Alhambra kaɗai tana karɓar sama da miliyan 2 a shekara. Jikokin waɗanda suka kori Musulmi su ne yau ke share ƙurar rubutun Larabci da buroshi, kuma suna cin abinci da shi.

Garnaɗa, wato Granada, ita ce ta biyu a zuciyata, ko da yake a wajen mafi yawan mutane ita ce ta ɗaya. A sayi tikitin Alhambra ta intanet makonni kafin tafiya, domin fadojin Banu Nasr ana shiga ne da ƙayyadajjen lokaci, kuma ana neman fasfo a ƙofa; wanda ya makara ya yi asara. Mutane sukan ruɗe da sassaƙan bango, da taken gidan sarautar da aka maimaita ko'ina, mai cewa babu mai rinjaye sai Allah. Ni ruwa ne ya fi ɗauke mini hankali. Tun ƙarni na 13 aka tare kogin Darro can sama da gari, aka jawo shi ta magudana a jikin dutse har saman tudun, ba inji ba famfo, ya ratsa lambuna da kwatamai yana sanyaya ɗakuna. Sifaniyawa har yau suna kiran irin wannan magudana da kalmar da ta fito daga "saƙiya" ta Larabci, kamar yadda suke kiran magajin gari "alkalde", ɗan uwan "alƙali" namu, uwa ɗaya uba ɗaya.

Da yamma a haye tudun Albaisin da ke fuskantar fadar. A can akwai masallacin da aka buɗe a 2003, ana kiran salla a hasumiyarsa, kuma daga lambunsa ake ganin Alhambra da duwatsun Siyera Nebada a bayanta, da ƙanƙara a kansu har cikin bazara. Wannan gari ya aiko mana mutane. Abu Ishaƙ Assahili, mawaƙin da ya haɗu da Mansa Musa a Makka a 1324 ya biyo shi Mali, ana danganta masa gine-gine a can, kuma a Tumbuktu ya rasu a 1346, ɗan Garnaɗa ne. Alhasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Liyo na Afirka, a nan aka haife shi wajen lokacin faɗuwar birnin. Littafinsa da aka buga a Benis a 1550 ya siffanta Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir, ko da yake masana suna muhawara kan ko ya tako ƙasar Hausa da ƙafarsa.

A sauko kuma dandalin Babur Ramla a sha shayi, a tuna cewa a nan aka tara littattafan Larabci aka cinna musu wuta wajen 1500, bayan yarjejeniyar miƙa wuya ta yi alkawarin barin Musulmi da addininsu. An kori Yahudawa a 1492. An tilasta wa Musulmi shiga Kiristanci, aka haramta Larabci a 1567, sannan tsakanin 1609 da 1614 aka kori kusan mutum 300,000 daga zuriyarsu. Abin da ya fi taɓa ni a labarin shi ne yadda waɗannan bayin Allah, bayan Larabci ya kuɓuce wa harshensu, suka riƙa rubuta Sifaniyanci da haruffan Larabci. Sunan wannan rubutu "alhamiyado", daga "ajamiyya". Ajami ke nan, irin namu sak. Sun ɓoye littattafan a cikin bango da ƙarƙashin daɓe. A 1884 masu gyaran wani tsohon gida a ƙauyen Almonasid da ke yankin Aragon suka ci karo da tulinsu. Mu babu wanda ya haramta mana ajami, amma a zaurukan cikin birni akwai buhunan takardu da gara da yoyon damina ke rabawa a tsakaninsu.

Ishbiliya, Sebiya a bakin masu ita, ta fi su duka girma da hayaniya, kuma kwana ɗaya da yini ya ishe ni. A hau Hiralda, hasumiyar da Muwahhidai suka gina tsakanin 1184 da 1198, 'yar uwar Kutubiyya ta Marrakesh. Ba matakala ce a cikinta ba, gangare ne ke kewayawa har sama. A shiga fadar Alkasar, wadda magina Musulmi suka ƙawata wa Sarki Pedro, Kirista, wanda Ibnu Haldun ya zo wa da jakadanci daga Garnaɗa wajen 1364. Daga nan a nufi teku.

Mu mutanen tudu ne. Ruwa mafi girma da da yawanmu suka sani shi ne madatsar Tiga, kuma ko wanda ya zauna Legas ba lallai ya taɓa zama a bakin teku don zaman kawai ba. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a tafi Andalusiya a dawo ba a ba gaɓa kwana uku ba. Malaga ce ƙofa mafi sauƙi, kimanin awa ɗaya a jirgin ƙasa daga Ƙurɗuba, kuma tana da babban filin jirgin sama. Yashin Malageta, bakin ruwan tsakiyar gari, baƙi-baƙi ne kuma cike da jama'a. A wuce shi zuwa tsoffin unguwannin masunta na gabas, Pedregaleho da El Palo. Can za a tarar da tsohon kwalekwale cike da yashi, an hura itace a kansa, an soke ƙananan kifin sardin a tsinke an kafa su kewaye da wuta. Tukubar mai tsire ce, ba ragi, sai dai babu ƙuli. Gishiri da lemon tsami kawai, kuma ban ci abin da ya fi shi daɗi a ƙasar ba.

Marbeya, wadda masu kuɗinmu suka fi jin labari saboda fadar marigayi Sarki Fahad da jiragen ruwan attajirai, ba ta burge ni ba. Wanda ya je Dubai ya riga ya gan ta. Na fi son Nerha, gabas da Malaga, ƙaramin gari a kan tsauni da ƙananan gaɓoɓi a ƙarƙashinsa, da kogon da wasu samari suka gano a 1959. Kadis kuma, a ɓangaren Atlantika, gari ne da ruwa ya kusa kewayewa, wanda Finiƙiyawa suka kafa kusan shekara 3,000 da suka wuce. Iyalai 'yan gari ne suka fi cika bakin ruwansa, da kujerunsu da kulolin abinci.

Akwai maganar da ba a cika faɗa wa juna ba sai an je an ga abin da ba a shirya gani ba. Bakin teku a Sifaniya wurin tsiraici ne a ma'auninmu, a wasu gaɓoɓin ma tsirara ƙarara. Mai tafiya da iyali ya fita da sassafe, kafin ƙarfe 10, lokacin da tsofaffi da masu gudu kaɗai ke waje, ko kuwa ya zaɓi watan Mayu ko Oktoba. Wannan zaɓin yana maganin abu biyu: Yuli da Agusta a Ƙurɗuba da Ishbiliya zafin Afrilun Kano ne, awo yana haura 40, kuma lokacin ne kuɗin masauki ke tashi. Naman alade yana shiga abinci ta inda ba a zato, har cikin miya da kayan gashi, don haka kifi da ƙwai da kayan lambu su ne mafaka, sai gidajen abincin Marokawa da ke Garnaɗa da Malaga. A watan Yuni magariba tana kaiwa kusan ƙarfe 10 saura kwata na dare. A kuma san cewa ba kowa ke murna da baƙi ba: a Yunin 2024 mutanen Malaga sun fito zanga-zanga domin gidajen da ake bai wa 'yan yawon buɗe ido haya sun sa 'yan gari ba sa iya biyan kuɗin ɗaki a unguwannin iyayensu. Sauka a ƙaramin otal ya fi zama adalci gare su.

Na san abin da wani mai karatu ke faɗa a ransa: da wannan canjin naira, wa ke da kuɗin Turai? Kuma in akwai, ba Umara ta fi ba? Ba ni da jayayya. Wanda bai sauke farali ba, ba da shi nake ba. Kuɗin biza kaɗai Yuro 90 ne tun Yunin 2024, ban da na 'yan tsakiya, kuma in an hana ka ba a mayarwa; ana hana 'yan Najeriya da yawa. Da waɗanda suka riga suka saba fita nake, masu zuwa Landan da Dubai shekara-shekara su dawo da akwatunan kaya. Kuɗin mako guda a can zai yi kwana goma a nan, kuma yaran za su dawo da abin da ya fi takalmi.

Wanda ke da sauran kwanaki da ƙarfin tuƙi ya miƙa gabas zuwa Almeriya. Bayan garin akwai Kabo de Gata, gandun da aka killace tun 1987: baƙaƙen duwatsun aman wuta, ƙaya da busasshiyar ciyawa, ruwan saman shekara bai ko kusa da rabin na Kano ba, sai ga teku garau a gabanka. A gaɓoɓin Monsul da Henobeses babu otal babu shago, mutum ya tafi da ruwansa. Ɗan Maraɗi ko Damagaram zai ce ƙasarsu ce aka jawo wa teku. Daga wannan lardin, garin Kuwebas del Almansora, Judar Basha ya fito, wanda ya jagoranci rundunar Maroko ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591, abin da ya kai ga tasa ƙeyar Ahmad Baba na Tumbuktu zuwa Marrakesh. Ba duk abin da Andalus ta aiko mana ne littafi ba. A hanya kuma za a ratsa rumfunan leda masu faɗin sama da hekta 30,000, inda ake noma tumatir da tattasan da Turai ke ci da hunturu. Masu sunkuyawa a cikin zafin ledar yawancinsu 'yan Maroko ne da Senegal da Mali da sauran ƙasashenmu, da yawa ba su da takardu. A garin El Ehido aka far wa irinsu a Fabrairun 2000.

Amma in aka ce in zaɓi gaɓa ɗaya, Tarifa zan ɗauka, can ƙuryar kudu inda Turai ta ƙare. Sunanta daga Ɗarif ɗan Malik ne, wanda ya sauka nan a 710, shekara guda kafin Ɗariƙ ɗan Ziyad ya haye ta dutsen da ke ɗauke da sunansa. Ƙaramin gari ne fari, da ganuwa da kagarar da Abdurrahman na Uku ya gina a 960. Akwai wata 'yar hanya da ta shiga cikin ruwa zuwa tsibiri. In ka tsaya a kanta kana fuskantar kudu, Bahar Rum na hagunka, Atlantika na damanka. Iska ba ta hutawa, wata rana daga gabas wata rana daga yamma, tana watsa yashi a fuska kamar hunturun Janairu, shi ya sa masu wasan lilo a kan igiyar ruwa suka mamaye wurin, masu son kwanciya a rana kuma suka bar mana shi. Yamma kaɗan akwai Boloniya, farin yashi da tudun rairayi da kufan wani garin Rumawa a bakin ruwa.

Tsakanin wannan gaɓa da Afirka kilomita 14 ne a inda mashigin ya fi ƙunci, kamar daga Madabo zuwa bayan gari. Da rana ana ganin duwatsun Maroko, da dare ana ganin fitilunsu. A ranar 1 ga Nuwamban 1988 ruwa ya turo gawar wani saurayi bakin gaɓar Los Lanses, nan jikin garin, daga kwalekwalen da ya kife da masu neman shiga Turai; ita ake lissafawa ta farko a wannan mashigi, kuma a maƙabartar Tarifa akwai kaburbura marasa suna. Yanzu hanyar ta fi karkata zuwa tsibiran Kanari, inda sama da mutum 46,000 suka isa a 2024, namu kuma sun fi bi ta Agadas zuwa Libiya. Ban iya zama a yashin Los Lanses ba tare da wannan a raina ba, da fasfo mai hatimi a aljihu, kuma ban so a ce na iya ba.

Daga tashar garin jirgin ruwa yana kai mutum Tanja cikin kamar awa ɗaya. Garin Ibnu Baɗuɗa ke nan, wanda ya zaga Malaga da Garnaɗa wajen 1350, ya ƙetare Sahara zuwa Mali a 1352, ya biyo ta Takadda a ƙasar Nijar ta yau, ya kuma ambaci tagullar da ake kaiwa wata ƙasa da masana suka fassara da Gobir.  Ɗan Najeriya kuwa yana bukatar bizar Maroko, kuma in bizarsa ta Turai ta shiga ɗaya ce, ya haye ba zai dawo ba. Tawa irin wannan ce. Na sayi shayi na zauna a kan katangar tashar, jirgin ƙarfe biyar ya fita, na bi shi da ido har ya ɓace mini.